Kwana Goma a Gaɓar Tsibirin Minorka: Amsar da Ban Ba Yayana Ba



Ranar da na dawo daga tsibirin Minorka, ƙafafuna a kumbure, farcen babban ɗan yatsana na dama ya yi baƙi yana shirin fita, na kira yayana a waya domin in gaishe shi, in kuma shaida masa na sauka lafiya. Bayan mun gaisa, ya tambaye ni inda na shiga har kwana goma ba a cika samuna ba. Na ce, "Yaya, wani tsibiri na je a ƙasar Sifaniya, na kewaye shi a ƙasa." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To da ka kewaye shi, ina ka isa?" Na ce, "Inda na tashi." Ya ce, "Kuma kuɗi ka biya?" Na ce, "Ƙwarai kuwa." Sai ya yi irin dariyar nan tasa wadda ba ta kai ciki ba, ya ce, "Allah Ya shirye ka. Da Umra ka tafi da kuɗin nan, ko ka aiko aka rufa wa wani asiri, ai da ya fi maka wannan gantali."

Ban mayar masa da komai ba a lokacin, domin ba a yi mana tarbiyyar ja-in-ja da na gaba ba. Ban da haka ma, maganar tasa ba ta banza ba ce, tana da nauyin da ya sa na daɗe ina juya ta a raina. Abin da mai karatu zai gani a nan shi ne amsar da na haɗiye a wancan dare. Ra'ayina a taƙaice shi ne, mutum ya ɗauki jakarsa ya bi gaɓar teku da ƙafarsa, ba tare da wani ja-gora yana gaba yana nuna masa abin da zai kalla ba, yana daga cikin mafi amfanin hutun da mai hali zai ba kansa. Amma akwai sharuɗɗa, kuma zan faɗe su ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Bari in fara da wurin, saboda wanda bai san shi ba. Minorka yana cikin Bahar Rum, gabas da gaɓar Sifaniya, kusa da tsibirin Mayorka. Sunayen biyu ma daga nan suka samo asali, wato babba da ƙarami. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 700 ne, kuma manyan garuruwansa biyu ne: Mahon a ƙuryar gabas, Ciutadella a ƙuryar yamma, tsakaninsu kamar kilomita 45 a kan kwalta, abin da bas kan cinye cikin sa'a guda. To amma akwai wata tsohuwar hanya da ta bi bakin teku ta yi wa tsibirin zobe, mutanen wurin suna kiran ta Camí de Cavalls, wato Hanyar Dawaki. Tsawonta kilomita 185, an kasa ta zango 20. Asalinta hanyar tsaro ce, wadda mahaya dawaki suke bi suna sintiri tsakanin hasumiyoyin gadi, suna duba teku ko za su hango jiragen mahara. Mu mun riƙa haɗa zango bibbiyu a yini, muka gama cikin kwana goma, a ƙarshen watan Afrilun 2024 zuwa farkon Mayu, 'yan makonni bayan ƙaramar Sallah.

Mu uku ne: ni, da wani abokina likita wanda muke zaune gari ɗaya a Ingila, da ƙanin matarsa, saurayi ɗan jami'a, wanda muka laƙaba wa Auta. Na faɗi haka ne domin kada a ɗauka tafiya ba ja-gora tana nufin tafiya kai kaɗai. An san yadda aka hana mutum yin doguwar tafiya shi ɗaya tilo, musamman da dare, aka kuma kwaɗaitar da matafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Ni aka ɗora wa madugancin, ba don na fi su sani ba, sai don na fi su furfura. Tsarin kuwa shi ne, akwai kamfanonin da za ka biya su kama maka masauki a kowane zango, su ɗauki babbar jakarka a mota su kai maka gaba, su ba ka taswira, su aiko tasi ta ɗauke ka a wuraren da babu masauki, tunda an hana kafa tanti a daji. Iyakar aikinsu ke nan. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kai da ƙafarka ne, sai turakun katako da aka kakkafa a gefen hanya, kowanne da hoton ƙarfen kofaton doki, waɗanda galibi in kana tsaye a gindin ɗaya kana hango na gaba.

Tambayar Yaya ta farko ita ce ta fi ci mini rai: ina ka isa? Na gane daga baya cewa a cikinta cutar zamaninmu take. Mun wayi gari muna ɗaukar hanya a matsayin hasara, wani haraji da ake biya kafin a kai ga abin da ake nema. Shi ya sa muke shiga jirgi mu rufe taga, mu shiga mota mu sunkuya kan waya. Wanda kuwa ya tashi daga Mahon da niyyar komawa Mahon, ba shi da wani "can" da zai jingina hankalinsa gare shi. In bai kalli abin da ke gabansa yanzu ba, babu wani abu da ke jiran sa a ƙarshe sai motar da za ta kai shi filin jirgi. Kwana biyun farko na sha wahalar wannan, ina ta duba agogo, ina lissafin kilomita kamar mai bin bashi. Sai a rana ta uku idona ya buɗe. Na fara lura cewa duwatsun da ke kusa da hasumiyar fitilar Favàritx baƙaƙe ne masu ɓarewa falle-falle, amma da muka kai wajen Cala Pregonda ƙasar ta rikiɗe ta koma ja kamar an barbaɗa mata jan garura. Na fara ganin yadda iskar arewa, wadda suke kira tramuntana, ta tanƙware itatuwa duk suka rusuna kudu, kai ka ce jere suka yi suna gaisuwa. Na fara ganin kunkuru yana tsallaka hanya abinsa. Waɗannan abubuwa suna nan ga kowa, amma ba sa karantuwa sai ga mai tafiyar kilomita huɗu a sa'a. Ibn Jubair, da ya tashi daga Sabta a 1183 zai tafi Hajji, ta gefen wannan tsibiri jirginsa ya wuce. Mutanen wancan zamani sun bar mana littattafan tafiya masu kauri ne domin hanya ba ta wuce su da gudu.

Rana ta ukun nan dai ita ce ta koya mini darasi na biyu, kuma da zafi. Zangon da ya tashi daga Binimel·là zuwa Els Alocs bai kai kilomita 10 ba, amma shi ne aka fi jin tsoro a duk hanyar, domin hawa ne da gangara ba hutawa, babu gida, babu inuwar kirki, babu famfo. Da safe na ɗaga jakata na ji nauyi, sai na yi wa kaina fatawar cewa za mu sami inda za mu cika gorunanmu a tsakiyar yini, na ce kowa ya rage ruwa. Ba mu samu ba. Kafin La'asar ruwan da ya rage mana mu uku bai cika gora ɗaya ba, ga rana, ga iska mai gishiri tana busar da maƙogwaro. Alwala dai muka gangara muka yi da ruwan teku, tunda tsarkinsa ba abin shakka ba ne, na sha kuwa muka riƙa yi masa kurɓin tsuntsu. Auta, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya dube ni ya ce, "Yaya madugu, in Allah Ya kai mu, gobe ni zan riƙe lissafin ruwa." Likita ya kawar da kai yana murmushi. Ban sami abin cewa ba, domin babu kamfanin da zan zaga, babu ɗan rakiyar da zan ce ya yaudare mu. Ni na yanke, wasu suka sha ƙishirwa.

Na daɗe ban shiga hali irin wannan ba, inda kuskurena yake tsaye a gabana tsirara, babu wanda zan rataya wa. A wurin aiki kullum akwai wani ofishi da ya yi jinkiri, a gida akwai yara, a ƙasa akwai gwamnati. Mun ƙware wajen raba laifi har ya narke. Tafiyar da aka shirya maka komai tana ƙara wa wannan hali taki, domin kai baƙo ne mai biya, aikinka ƙorafi. Tafiyar da kai ne ja-goran kanka kuwa tana tilasta maka ka duba sama da safe, ka auna guzuri, ka san lokacin da rana za ta faɗi, ka nemi alƙibla da kanka, wadda a can gabas take an ɗan karkata kudu, ka kuma nemi afuwar ƙaninka idan ka cuce shi. Na nema, ya yafe, kuma daga ranar shi ya riƙe lissafin ruwa.

To, mota ba ta isa bakin ruwan Els Alocs, sai an taka wata hanyar ƙasa an nufi cikin tsibiri kafin a kai inda tasi ke jira. A gefen wannan hanya akwai wani tsauni mai tsayin mita 264, ana kiran sa Santa Àgueda. Washegari da sassafe, kafin mu koma kan Hanyar Dawaki, muka hau shi ta wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗe da duwatsu. A samansa akwai kufan wata ganuwa, ragowar katanga da gindin hasumiyoyi, ciyawa ta cinye rabinsu. Babu mai sayar da tikiti, babu kowa sai mu da iska. A wannan wuri ne mulkin Musulmi ya ƙare a Minorka.

Mai karatu zai so ya ji yadda abin ya kasance. Tsibirin ya shiga hannun Musulmin Andalus a wajajen shekarar 903, ya kuma zauna a hannunsu kusan shekara 400. Da sarki Jaume na Ɗaya na Aragon ya ci Mayorka a 1229, Musulmin Minorka suka ga ba su da ƙarfin yaƙi, sai suka ƙulla yarjejeniya da shi a 1231, suna biyan haraji, shi kuma ya bar su da addininsu da mulkin kansu. Daga 1234 zuwa rasuwarsa a 1282, wanda ya riƙe tsibirin shi ne Abu Usman Sa'id bin Hakam, mutum mai son ilmi da tara littattafai, wanda fadarsa ta zama mafakar malamai da marubutan da biranen Andalus suke suɓucewa daga ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyar bayan rasuwarsa, a watan Janairun 1287, sarki Alfonso na Uku ya sauka da rundunarsa. Ɗan Sa'id, Abu Umar, ya ja da baya zuwa wannan ganuwa da muke tsaye a kanta, a nan ya miƙa wuya. Aka bar shi ya fita da iyalansa. Sauran jama'a kuwa, wanda ya iya biyan kuɗin fansa ya tsira da kansa, wanda bai iya ba aka sayar da shi bawa, aka kawo wasu mutane daga Kataloniya aka zaunar a gonakinsu. Har yau ranar 17 ga Janairu ita ce ranar bikin tsibirin.

Ba masallaci ɗaya na wancan zamani da ya rage a tsaye. Amma akwai abin da takobi bai iya kankarewa ba, kuma mai tafiyar ƙasa ne kaɗai yake cin karo da shi sau goma a yini, wato sunayen gonaki da na bakin ruwa. Binimel·là, Binigaus, Binidalí, Biniparratx, Binissafúller, Binibèquer, Biniancolla. Wannan "Bini" ba wani abu ba ne illa "Bani" ta Larabci, 'ya'yan wane. Kowane allo da muka wuce sunan wani gida ne da aka watsa shekara 700 da wani abu da suka shige, waɗanda suka gaje gonar suka ci gaba da kiran ta da sunan mai ita na farko, har harshensu ya lanƙwasa shi. Auta ne ya fara kama abin, ya riƙa karanta allunan da ƙarfi kamar mai kiran sunayen ɗalibai a aji, babu mai amsawa. In da a bas muke, da allunan sun wuce kamar walƙiya.

Amma kada mai karatu ya ɗauka kukan Andalus na je yi, irin wanda muka saba, inda mu ne kullum waɗanda aka zalunta. A rana ta biyar, bayan mun ratsa wani fili na tsurar dutse wanda babu bishiya ko ɗaya, muka wuce hasumiyar fitilar Punta Nati, wadda aka gina a 1913 bayan wani jirgin Faransa ya farfashe a gaɓar nan a 1910 da mutum sama da 150, ɗaya tak ya tsira, sai muka shiga Ciutadella da yamma. Babbar majami'ar garin a kan harsashin babban masallacin da aka gina ta, kuma gindin hasumiyar da suke rataye ƙararrawa ragowar hasumiyar kiran salla ne. Na tsaya a gindinta zuciyata ta yi nauyi. Daga nan muka taka abin da bai fi tafiyar minti uku ba, muka fito babban dandalin garin, inda wani dogon ginshiƙin dutse yake tsaye. An kafa shi ne domin tunawa da shekarar 1558, lokacin da jiragen Daular Usmaniyya ƙarƙashin Piyale Pasha suka kewaye garin, suka fasa shi, suka ƙone, suka kwashi mutum sama da 3,000, maza da mata da yara, zuwa kasuwannin bayi na Istanbul. Mutanen garin har yau suna kiran ta shekarar musiba. Kafin wannan ma, a 1535, Barbarosa ya yi wa Mahon irin haka.

A nan ne na fi gode wa Allah da babu ja-gora a tare da mu. Shi ja-gora ɗan kasuwa ne, yana duban fuskar waɗanda suka biya shi. In ayarin Musulmi ya samu, zai daɗe a gindin hasumiya, ya wuce ginshiƙin da sauri. In na wasu ne, ya juya abin. Kowane ayari ya koma gida da rabin labarin da ya yi masa daɗi, yana ganin ya san tsibirin, alhali kuwa tsibirin ja-goransa ya sani. Mu kuwa ba wanda ya tace mana. Muka zauna a kan wani benci tsakanin alamomin biyu, kowa ya yi jugum. Uwar da aka raba da ɗanta a 1287 da wadda aka raba da nata a 1558, ban ga ta inda hawayen ɗaya ya fi na ɗaya gishiri ba, kuma ban ga yadda zan yi fushi da na farko in nemi uzuri ga na biyu ba, in dai adalci nake da'awa. A nan na kuma tuna cewa ita kanta hanyar da muke bi, saboda tsoron jirage irin waɗannan aka riƙa sintiri a kanta. Mahayan da suka fara taka ta, mutane masu irin sunayenmu suke dubawa a teku.

Akwai wani abu game da hanyar da ya kamata in ambata, domin ya burge ni ƙwarai. Da zamanin sintiri ya wuce, bayan Ingila da Faransa da Sifaniya sun yi ta karɓe-karɓen tsibirin a ƙarni na 18 har ya tabbata ga Sifaniya a 1802, sai hanyar ta mutu a hankali, masu gonaki suka toshe sassanta da katanga da kwaɗo. A 1996 mutanen tsibirin suka haɗa ƙungiya, suka riƙa fita tattaki a kan tsohuwar hanyar suna neman a buɗe ta. A shekarar 2000 majalisar tsibiran ta yi doka a kanta, amma sai a 2010 aka iya bin ta daga farko har ƙarshe. Shekara 14 ana fama a kan 'yar siririyar hanya. Yau tana ratsa gonakin mutane, kuma duk inda ta shiga gona akwai ƙyaure na itacen zaitun na daji, karkatacce, irin wanda masassaƙan wurin suka gada. Ka buɗe, ka wuce, ka rufe, domin ga shanun mai gona can suna kiwo, waɗanda da nononsu ake yin cukun Mahon da ya yi suna. Ban ƙirga ƙyauren da muka buɗe ba, amma sun fi ƙarfin a ce da yawa. Babu mai gadi a ko ɗaya. Dukan tsarin a kan amanar baƙon da ba a sani ba ya tsaya, kuma a kwana goma sau ɗaya kacal muka tarar da wanda aka bari a buɗe.

Yanzu sai sharuɗɗan da na yi alkawari. Na farko, lokaci. Gaɓar kudu, daga Ciutadella zuwa Cala Galdana da Son Bou, ita ce mai farin yashi da ruwa garai-garai da kwazazzabai masu inuwa, kuma ita ce matattarar masu wankan teku. Hanyar a wasu wurare ta kan yashin take bi. Wanda ya je a watan Yuli ko Agusta, zai ga abin da idon mai kunya ba ya so, kuma ba shi da wanda zai zarga. Ko a ƙarshen Afrilu, da ruwan yake da sanyi, sai da muka riƙa sammako muna wuce irin waɗannan wurare kafin hantsi, wani wurin kuma muka sunkuyar da kai muka ƙara sauri. Ba zan ce wa kowa babu wannan matsala ba. Na biyu, abinci. Naman alade ya ratsa girkinsu, har wani burodi mai zaƙi da ake kira ensaïmada, wanda ido zai ɗauka ba ruwansa, da kitsen alade ake murza shi, sunansa ma daga kalmar kitse ya fito. Mu dai burodi da cuku da kifi da zaitun da dabinon da muka taho da shi suka riƙe mu, ba mu kuma rame ba.

Na uku ya fi waɗannan zurfi, kuma a kansa muka saɓa da Likita. A Mukhtasar na Khalil, inda aka yi maganar ƙasaru, an ware mai saɓon Allah da tafiyarsa, an kuma ware mai tafiyar wargi. Likita ya ce shi fa ba zai yaudari kansa ba, hutu ya zo, hutu kuwa wargi ne, saboda haka zai cika sallarsa. Ni kuma na ce tafiyar da aka yi domin lafiyar jiki da duban ayoyin Allah da ɗaukar izina daga kufan waɗanda suka gabata, ba ita ake nufi da wargi ba, ga shi kuma ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Ba wanda ya ja ɗan'uwansa. In na yi sallama a raka'a biyu, shi sai ya miƙe ya cika, haka har muka gama. Na kawo wannan ne domin in nuna cewa hanyar ɗaya ce, amma abin da mutum ya je yi a kanta shi ya san shi, kuma ina girmama wanda ya tuhumi niyyarsa fiye da wanda bai taɓa tambayar ta ba.

Saura maganar Umra da taimakon mabukata, wadda ita ce ƙashin bayan hujjar Yaya. A wani ɓangare na sallama masa. Wanda ake bin sa bashi yana ɓuya, ko iyayensa suna cikin rashi, ko yana da halin sauke farali bai sauke ba, ba shi da abin cewa in ya kwashi kuɗi ya tafi kallon teku. Kuɗin da na kashe ba kaɗan ba ne, ban kuma ce sadaka na yi da su ba. Amma in aka ce kowane halal sai an auna shi da mafificiyar ibada kafin a taɓa shi, to ba wanda zai ɗinka riga ta biyu, ba wanda zai sa nama a miya. Abin da na lura da shi kuma shi ne, wannan ma'auni ba a fito da shi sai ga irin tafiyata. Wanda ya tafi Dubai ya yi mako yana zaga kantuna, ya dawo da akwatuna shida, ba a ce masa ya yi gantali, sannu da zuwa ake yi masa, domin akwai tsaraba. Ashe ba kashe kuɗin ne laifin ba, dawowa hannu sake ne. Mun yarda mutum ya yi tafiya domin ya sayo, ko ya sayar, ko ya nemi magani bayan ciwo ya kama shi. Wanda ya tafi tun ciwon bai zo ba, ya dawo da abin da ba ya shiga akwati, shi ne ba mu da sunan da za mu kira shi sai magantali.

A rana ta goma da La'asar sakaliya muka gangaro Mahon ta kudu, tashar jiragen ruwanta mai tsawon kusan kilomita 5 tana shimfiɗe a gabanmu, muka je har inda muka fara muka tsaya. Auta ya zazzage ragowar ruwan gorarsa a kansa, ya ce yau dai an yi rara.

Bayan kamar wata guda na tura wa Yaya hotuna, ban haɗa da wani bayani ba. Ya yi kwana biyu bai ce komai ba, sannan ya kira. Bai tambayi teku ba, bai tambayi ganuwa ba. Hoton da ya tsaya a kansa shi ne na wasu mutum biyu da muka yi kiciɓis da su kusa da Son Bou, a kan baƙaƙen dawakin nan na tsibirin. Ya ce, "Wai ita hanyar, har yanzu ana bin ta a kan doki?" Na ce, "Ana bi, Yaya, ai sunanta ke nan." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To in da doki ne, wannan wata magana ce daban. Kwana nawa ake yi?"

Wassalamu alaikum.